Hotunan Bayan Malama

A duk layin shagunan nan, tun daga mai gyaran waya har zuwa mai sayar da katifa, babu wanda bai san ƙa'idar Mai Hoto ba: mutum ba ya fita daga shagonsa da tabo. Ka shigo da ƙuraje, ka fita sumul. Ka shigo da giɓi, ya aro maka haƙori daga na kusa da shi ya cike gurbin. Akwai wani dattijon ɗan kasuwa da ya zo ɗaukar fasfo, aka gyara shi har jami'in da ya karɓi takardunsa ya dubi hoton, ya dube shi, ya ce ya koma gida ya turo yaron da kansa. Mai Hoto yana ba da wannan labari da alfahari, kamar wata lambar yabo.

Yana da ƙa'ida ta biyu, wadda ta fi ta farko tsanani: hoton asali ba ya kwana. Tun lokacin da hoton wata amarya wanda ba a gyara ba ya kuɓuce ya shiga wayoyin ƙawayenta, uwarta ta zo ta tsaya a ƙofar shago ta wanke shi tas a gaban jama'a, ya yi rantsuwa. Da ya gama gyara sai ya ajiye sabon a kan tsohon, ya goge katin kyamara. Hannunsa ya saba har ba ya jiran izinin kansa.

Kuma kada a ɗora masa laifin shi kaɗai. Garin gaba ɗaya haka yake tafiya. Bango ya tsage, a shafa fenti. Mota tana ƙara, a ƙara sautin rediyo. Mutum yana ramewa a gaban idon kowa, a ce masa ai ka yi kyau, zafin gari ne. Mai Hoto dai shi ne ya mayar da abin sana'a.

Matarsa kuwa, wadda kowa har shi yake kira Malama, lissafi take koyarwa a makarantar sakandare, kuma ba ta san wani abu wai shi shafa fenti ba. Ita ce ta taɓa mayar wa shugaban makarantarsu sanarwar da ya liƙa a allo, da jan biro a wurare uku. Da likitoci suka gano ciwon daji a hanjinta, aka yi mata aiki, aka ɗora ta a kan magani, ƙarin ruwa a asibiti da ƙwayoyi a gida, ita kaɗai ce a dangi take kiran ciwon da sunansa. Sauran duk cewa suke “larurar nan”. Yayar Mai Hoto, wadda suke kira Yaya, ko larurar ma ba ta faɗa. Ɗaga gira take yi ta nuna sama da haɓa.

Bayan an ɗan yi nisa da maganin sai fatar Malama ta fara sauyawa. Tafin hannunta ya yi duhu, musamman a layukan. Faratanta suka yi zane-zane baƙi. Sai kuma ɗigo-ɗigo suka fito mata a tafin hannu da tafin ƙafa, kamar an yarfa mata biro mai yoyo.

Ranar karɓar magani ta shimfiɗa hannuwanta a kan teburin likitarta, wata mata mai saurin magana wadda kullum akwai layin mutane a ƙofarta.

“Likita, wannan kuma sabon darasi ne ko yana cikin manhaja?”

Likitar ta juya hannuwan, ta duba ƙafafun, sannan ta sa ta juya ta ɗaga rigarta.

“Akwai su a bayanki ma. Maganin yakan yi haka, Malama. Yana sa fata ta yi duhu, yana fito da sabbin ɗigo irin tawadar Allah. Yawancinsu ba su da wata illa, wasu ma sukan dushe bayan an gama magani. Amma ba na son a yi musu kallon banza. Idan ɗaya ya fara girma, ko gefensa ya karkace, ko launinsa ya rabu, ko ya yi jini, to dole a duba shi da kyau. Zan tura ki wurin likitan fata, sai dai layinsa na da tsawo, sai an yi watanni. Kafin nan a riƙa ɗaukar su hoto duk wata, a ajiye rula a gefe don a ga girmansu. Na hannu kina gani da idonki. Na baya ne kike buƙatar wani. Akwai mai waya mai kyamara a gida?”

Mai Hoto, wanda yake tsaye a bakin ƙofa rungume da jakar Malama, ya gyara tsayuwa. Tunda aka fara wannan jinya aikinsa bai wuce riƙe jaka da sayen ruwan sha ba. Yau ga shi an zo fagensa.

“Waya?” ya ce. “Likita, Allah ya huci zuciyarki. Ni ne mai shagon hoton da ke kusa da mai katifa.”

“To, madalla. Ka ga an huta.”

Washegari da hantsi ya kwaso rabin shagonsa ya kawo ɗaki: fitilu biyu masu lema, da ƙafar kyamara, da farin ƙyallen bango. Malama ta zauna a kan kujerar ɗinki ta juya masa baya, ta miƙo masa rularta ta katako ta kan kafaɗa.

“Ka riƙe ta a miƙe. Kuma sifilin ya fara daga gefen ɗigon, ba daga inda ranka ya so ba.”

“Malama, shekarata nawa ina wannan aiki?”

“Kana sa mutane su yi murmushin ƙarya. Wannan awo ne.”

Ya liƙa rular da salatif, ya ɗauka. Bayan nan da ya sani tun suna ango da amarya, yanzu ya rame, ƙasusuwan sun fito, ga ɗigo warwatse. Akwai ɗaya a ƙasan allon kafaɗarta na hagu wanda ya fi sauran duhu. Ya daɗe yana kallonsa ta cikin kyamara.

“Yaya? Suna da yawa?” ta tambaya. Ba ta juyo ba. Ya ga tana murza tafin hannunta da babban yatsa, kamar mai son goge alli.

“Kaɗan ne. Bari in wanke ki gani da idonki.”

A shago ya buɗe hoton a kwamfuta. Allah ya sani bai zauna da niyyar komai ba. Haske kawai ya ce zai daidaita, don fitilar hagu ta ɗan yi rauni. Da ya daidaita haske sai ya ga wani ƙurji ƙarami a wuyanta, wanda ba ya cikin abin da likita ta tambaya, ya ɗauke shi. Daga nan ya tuna yadda take murza hannunta. Mace tana fama da amai, tana fama da kasala, abinci ba ya yi mata daɗi, sannan a kawo mata hoton bayanta kamar an watsa wa bango taɓo? Ya ɗan rage duhun ɗigon, kaɗan dai, yadda ido zai huta. Ya cire ƙananan guda biyu-uku da ba su da wani amfani. Kafin ya farga, yatsansa ya riga ya ajiye sabon a kan tsohon, ɗaya hannun kuma ya goge katin, don akwai taron yaye ɗalibai da zai ɗauka da yamma.

Ya zauna yana kallon allon kwamfutar. Sai ya ce wa kansa ai ba komai, wata mai zuwa zai ajiye na asali daban.

Malama ta karɓi hoton ta sa tabarau.

“Ashe ma ba su kai na hannu ba.”

“Ban faɗa miki ba?”

Ranar ta ci abinci har ta nemi ƙari. Mai Hoto ya zauna yana kallonta tana ci, yana jin kamar shi ya ƙirƙiro maganin.

To, wanda ya ga haka, yaya zai yi wata na biyu ya kawo hoton da ya fi na farko muni? Dole na biyu ya fi na farko sauƙi, in ba haka ba za ta ce abin ƙaruwa yake. Ya rage. Na asali kuwa, ya buɗe masa wuri na musamman, ya raɗa masa suna, sannan hannunsa ya yi abin da ya saba. Wata na uku ya ƙara ragewa. Ya sayo albam mai bangon fata, irin wanda yake sayar wa masu hali, ya jera hotunan bi da bi. Duk wanda ya buɗe zai ga ɗigo suna dushewa shafi bayan shafi kamar taurari da safe.

Yaya ce ta fi kowa murna. Tun farkon fitowar ɗigon ta kawo wani man shafawa a kwalba mai ruwan zinariya, wanda ta ce wata ƙawarta ta shafa ta koma kamar jaririya. Malama ta kai kwalbar asibiti, nas ta karanta abin da ke jiki ta ce kada ta kuskura, fatar mai shan wannan magani ba ta son wasa. Kwalbar ta koma saman kabad, ko ledar bakinta ba a ɓare ba. Amma da Yaya ta ga albam sai ta buga cinya.

“Ba na faɗa ba! Man nan ne!”

“Yaya, ban shafa ba fa,” in ji Malama. “Ga shi can a rufe.”

“To ki duba, a rufe ma ga abin da ya yi. Ina ga kin buɗe?”

“Na hannuna fa? Ga su nan yadda suke.”

“Hannu yana shiga ruwa, amaryarmu. Ke da kika yi boko ai kin fi ni sani.” Ta juya wurin ƙaninta. “Auta, ka wanke mini kwafi. Akwai matan da nake son in nuna wa.”

Mai Hoto ya ce takardar wanki ta ƙare. 

Domin akwai abin da shi kaɗai ya sani. Ɗigon nan na ƙasan kafaɗar hagu, a wata na farko ƙaramin burushin gogewa na kwamfuta ya ishe shi. A wata na uku sai da ya ƙara faɗin burushin. Ko kuwa kyamarar ce ya matso da ita kusa? Ko ɗigon ne ya girma? Ya rasa. Abin da zai gwada da shi ya goge da hannunsa. Duk lokacin da ya liƙa rula sai ya ƙura wa wurin ido, ya ce a ransa wannan karon zai haddace lambar, amma da ya isa shago tsoro ya kama shi, sai ya ga lambar tana rawa tsakanin layi biyu. Ya fara tsayawa a bayan Malama idan tana sa riga, yana leƙe.

“Lafiya kake zagaya ni kamar mai neman bashi?”

“Ina duba haske ne.”

“A bayana?”

Sau da yawa ya buɗe baki zai faɗa. Sai ya tarar tana nuna wa wata abokiyar aikinta albam, tana cewa ko ba komai bayan yana jin magana. A wata na ƙarshe kafin ganin likitan fata, ya zauna a gaban kwamfuta ya kalli ɗigon, ɗigon ya kalle shi. Ya ɗora burushi ya share shi gaba ɗaya, ya share sauran, ya bi fatar ya goge har tana sheƙi. Ya ji sanyi a ransa na ɗan lokacin da bai kai a sha kofin ruwa ba.

Ranar ganin likitan fata su uku suka tafi, don Yaya ta ce ba za a ba da labarin man nan a bayan idonta ba. Kwalbar tana cikin jakarta. Suka zauna a dogon benci a baranda tare da masu ƙaiƙayi da masu kyasbi, har rana ta take, sannan aka kira su.

Likitan fata dogo ne siriri, mai furfura a gefen kai, da alamar wanda ya ga fata iri-iri har ba abin da zai ba shi mamaki. Ya karanta takardar da aka turo, ya duba hannuwan Malama da wani ɗan madubi mai fitila, ya ce waɗannan ba su dame shi ba. Sannan ya ce ina hotunan baya.

Malama ta miƙa albam. Likita ya juya shi, ya shafa bangon fatar.

“Yawanci a waya ake nuna mini.”

“Maigidana sana'arsa ce,” ta ce. Mai Hoto bai taɓa jin ta faɗi haka da irin wannan murya ba, kuma ya so a ce ba yau ta fara ba.

Likita ya buɗe shafin farko, ya gyaɗa kai. Ya buɗe na biyu. A na uku ya cire tabarau ya goge ya mayar. Da ya kai na ƙarshe ya tsaya a kansa. Baya ne sumul, mai sheƙi, ko ramin gashi babu, ga rula liƙe a tsakiyarsa a miƙe.

“Malam,” ya ce, “wannan rular me take aunawa?”

Mai Hoto ya dubi silin.

“Sun warke ne, Likita,” in ji Yaya, tana zuge jaka. “Akwai wani mai da na...”

“Baiwar Allah, ɗan dakata. Malama, hau gadon nan ki juya mini baya.”

Nas ta ja labule rabi. Likita ya ɗaga rigar, ya dubi bayan, ya dubi albam, ya sake duban bayan. Ya kira nas da hannu, ita ma ta duba, ta dubi albam, ta rufe bakinta da fayil.

“Me ya faru?” in ji Malama, fuskarta na kallon bango. “Ku yi mini magana, ba na son shiru.”

“Ɗigon suna nan, Malama. Duka. Har da 'yan'uwansu.”

“To hoton fa?”

“Hoton yana da kyau ƙwarai. Ban dai san bayan wace ce ba.”

Malama ta juyo da kanta a hankali. Irin wannan juyowar ce take yi a aji idan ta ji ana raɗa a layin baya. Idonta ya sauka a kan Mai Hoto.

“Haske na ɗan daidaita,” ya ce.

“Haske,” ta maimaita.

“Da... da ɗan abin da ba a rasa ba.”

Likita ya koma kan shafin ƙarshe ya matso da shi kusa da fuskarsa. “Akwai tabon allurar rigakafi a dantsenta, ina ganinsa yanzu da idona. A nan babu. Shi ma haske ne?”

“Wannan kyauta na yi,” in ji Mai Hoto, don bakinsa ya saba faɗar haka ga masu ciniki.

Nas ta fita da gudu, aka jiyo dariyarta a baranda. Likita bai yi dariya ba. Ya ɗora madubinsa a ƙasan kafaɗar hagu, ya daɗe yana kallo.

“Ba komai. Kawo mini na asali. Suna waya ko suna shago?”

A nan ne Mai Hoto ya yi bayanin ƙa'idarsa ta biyu, da amarya, da uwarta, da rantsuwa. Tun yana yi da murya har ya koma yi da hannu. Likita ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ajiye madubin.

“To ka saurara, Malam. Wannan ɗigon ya fi sauran duhu, gefensa kuma bai daidaita sosai ba. Da ina da hotunan gaskiya, in na ga tun farko haka yake bai motsa ba, da sai in ce a ci gaba da sa ido. Kai da ka gan shi duk wata, ya girma ko bai girma ba?”

“Ina jin ya girma. Ko kuma... wataƙila kyamarar ce.”

“Kana jin.”

“Tun wata na uku nake ji.”

“Tun wata na uku,” in ji Malama, a hankali, kamar tana rubutawa a allo.

“Da ‘ina jin’ ba zan iya aiki ba,” in ji likita. “Cire shi zan yi a kai ɗakin gwaji. Ƙaramin aiki ne, allurar kashe zafi da ɗan ɗinki. Zan yi magana da likitarki a zaɓi ranar da jininki ya yi ƙarfi, saboda maganin. Zai bar tabo.” Ya dubi Mai Hoto ta saman tabarau. “Na gaske. Wanda ba ya fita da kwamfuta.”

Yaya ta mayar da kwalbarta cikin jaka ba tare da an ce mata komai ba. A bakin ƙofa ta ce, “Ni dai tun farko na ga hoton nan ya yi kyau da yawa.”

Suka hau motar haya. Da suka isa gida Malama ta zauna a kujerar ɗinki, ta ɗora albam a cinya.

“Zauna,” ta ce. Ya zauna a bakin gado kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa.

“Don kada hankalinki ya tashi na yi.”

“Na sani. Shi ya sa ban jefe ka da albam ɗin ba, ga shi da nauyi.” Ta buɗe shafin ƙarshe. “Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Ba yankan ba. An yanka cikina, wannan ɗan ɗinki me zai yi mini? Watanni kana ganin abu a jikina, kana jin tsoro kai kaɗai, kana zagaya ni kana cewa haske kake dubawa. Bayana ne fa. Ni ce nake ɗauke da shi. In akwai abin tsoro a kansa, ai ni ya kamata a fara ba wa rabona.”

“Na ga kin ci abinci ranar.”

“Yunwa nake ji ranar, bawan Allah!”

Ya sunkuyar da kai. Ta ci gaba da kallon hoton.

“Kuma ka rage mini ƙugu.”

“Kaɗan ne.”

“Ina fama in ƙara nauyi, likita tana yi mini faɗa, kai kana ragewa.”

Aka yi aikin wata safiya, bai ɗauki lokaci ba. Mai Hoto ne yake wanke wurin yana sauya bandeji, kuma duk lokacin da ya buɗe sai ta ce ya faɗa mata abin da ya gani, ba abin da yake so ya gani ba. Ranar farko ya ce ya yi kyau. Ta ce kyau ba amsa ba ce. Ya koyi cewa gefen ya ɗan yi ja, babu ruwa, zare yana nan. Kwanakin jiran sakamako suka yi masa tsawo. A shago wata mata ta kawo ɗanta ɗaukar fasfo, yaron da ƙaton ƙurji a goshi, Mai Hoto ya tsaya da burushi a sama ya ce, “An nuna wa likita wannan?” Matar ta ce ita hoto ta zo ɗauka, ba asibiti ba. Ya goge ƙurjin, amma sai da ya sake faɗa mata a bakin ƙofa.

Da sakamako ya fito suka koma su biyu, Yaya ta ce tana da uzuri. Likitan fata ya karanta takardar ya ce tawadar Allah ce kawai, irin wadda maganin yake fitarwa, babu ciwon daji a cikinta. Mai Hoto ya nemi kujera bai samu ba, ya zauna a kan matakalar hawa gado.

“Amma sauran suna nan,” in ji likita. “A ci gaba da hoto duk wata. A samo wani mai waya.”

“Shi zai ɗauka,” in ji Malama. “Ni zan tsaya a kansa.”

Ƙarshen watan ya kafa fitilunsa a ɗaki, ya liƙa rula, ya ɗauka. Wannan karon ta sa mayafi ta bi shi shago. Ta ja kujerar masu jiran hoto ta zauna a gefensa, ta jira ya buɗe hoton, sannan ta miƙa hannu ta zare linzamin daga jikin kwamfutar, ta jefa a jaka ta zuge.

“Malama, haske fa? Fitilar hagu...”

“Wanke.”

“Akwai wani zare a kan...”

“Wanke, na ce.”

Ya danna da madannai, yatsunsa suna ƙaiƙayi. Injin ya yi gurnani ya turo takardar a hankali. Ga ƙasusuwan, ga ɗigon kowanne a wurinsa, ga tabon rigakafi ya dawo, ga sabon tabo ja-ja a ƙasan kafaɗa da alamun ɗinki a gefensa. Tunda ya buɗe shagon, irin wannan hoto bai taɓa fita daga injin ba. Ya ɗauka ta gefe ya miƙa mata, yana kallon fuskarta.

Ta sa tabarau. Ta daɗe tana kallo, tana bin ɗigon da yatsanta mai zanen baƙi.

“Ashe haka nake.”

“Haka kike.”

“Suna da yawa.”

“Suna da yawa,” ya ce, kuma ya ji maganar ta fita ba ta kashe kowa ba.

Ta gyaɗa kai. Ta matso da hoton kusa da hancinta, ta karkata shi wajen hasken ƙofa, sai ta tsuke baki.

“Rular ta karkace. Ɗauko kayanka mu koma gida.”